Minti-Biyu da Kaset ɗin Akuya

Yayana bai taɓa cin karo da abin da bai iya ba. In ka kawo masa agogon da ya tsaya, zai ce maka minti biyu. In famfo na yoyo, minti biyu. Ranar da likita ya ce za a cire wa Inna haƙori, sai da muka rirriƙe shi, don har ya fara naɗe hannun riga. Shi ya sa duk benen da muka tashi a cikinsa, daga shagunan ƙasa har hawa na uku, ba mai kiransa da wani suna sai Minti-Biyu. Shi kuma da fara'a yake amsawa, a zatonsa kirari ne. Agogon nan har yau a tsaye yake. Famfon kuwa sai da aka fasa bango.

Abin ya faro ne ranar da rufin ɗakin ajiyar Inna ya fara zuba, muka shiga fitar da kaya ni da shi. Bayan wata tsohuwar fanka da keken da ba shi da taya, sai ga kwali ɗaure da igiya. Na kwance. Kaset-kaset ne na bidiyo, sun kai talatin, kowanne da rubutun Baba, Allah ya jiƙansa, a kan farar takardar da ya manna masa.

Daɓas na zauna a ƙasa. Lokacin da muke yara, gidanmu ne kaɗai ke da bidiyo a benen nan. Tasha ɗaya ce tal, kuma sai ƙarfe huɗu take buɗewa, amma tun uku da rabi yaran bene sun jeru a falonmu suna kallon layukan nan masu launi-launi da ƙarar "tiiii", kamar wani abin kirki ake nunawa. Baba kuwa ya ɗauki naɗar mana shirye-shiryen yara tamkar aikin da ake biyansa. Wanda muka fi so shi ne na akuya mai kai wasiƙa. Da safa aka yi ta, idanunta maɓallai ne, tana da 'yar hula da jaka. Kullum sai ta yi rantsuwa ba za ta cinye wasiƙar mutane ba, kullum kuma sai yunwa ta ci ƙarfinta a hanya. Wasiƙa ɗaya ce kawai, wata ja, ta yi shekara guda tana yawo da ita ba ta ko lasa ba, aka ce sai a shirin ƙarshe za a ga mai ita.

Ba wanda ya ga shirin nan a cikinmu. Ranar da aka nuna shi an kwashi 'yan makarantarmu zuwa gasar guje-guje, motar ta mutu a hanyar dawowa. Baba ya ce mu kwantar da hankali, ya naɗa. Washegari yara suka cika falo maƙil, sai ya fito yana sosa ƙeya, ya ce ya yi kuskure wajen dannawa, bai ɗauki komai ba. Kwana uku muka yi muna gaishe shi da kumburarren baki.

Ina cikin wannan tunani sai na ji Yaya ya yi ƙara. Ya zaro wani kaset daga ƙasan kwalin, shi kaɗai aka naɗe a leda. A jikinsa Baba ya rubuta: "Akuya, na ƙarshe. Kada kowa ya taɓa."

"Auta," ya ce da ni, "kin san me ke hannuna? Ashe tsohon nan ya ɗauka, ɓacewa kawai ya yi masa! Shekara talatin mutanen benen nan suna yawo da tambaya a ciki. Ni zan sauke musu ita."

"Yaya, ba mu da bidiyo. Namu ya mutu tun ina aji shida."

"Ƙaramin abu."

"Kuma dubi sauran, duk fumfuna ta kama zaren."

"Ke dai kin cika hango matsala tun ba ta fito daga gida ba. Asabar za a yi kallo. Kowa da kowa."

Inna da ke tsaye a bakin ƙofa ta miƙo hannu. "Babba, ba ni wannan."

"Inna, dubawa kawai zan yi."

"Na san dubawarka. Sauran ka je ka yi ta fama da su. Wannan ubanku ya ce kada a taɓa, sai ranar zan fito da shi." Ta karɓe, ta shige da shi ɗaki, muka ji ta murɗa makulli.

Kafin yamma Yaya ya manna takarda a gindin matattakala: "BABBAN KALLO. Ƙarshen akuya mai kai wasiƙa. Asabar ƙarfe biyu, a garejin ƙasa. Ƙarƙashin kulawar ƙwararre." Tela, wanda shagonsa ke daf da matattakalar, abokin Yaya ne tun suna yawo ba wando. Ya fito da allin da yake zana yadi, ya ƙara a ƙasa: "Allah ya kawo ƙwararren lafiya."

Labari ya bazu. Waɗanda suka bar benen tun da daɗewa suka fara bugo waya suna cewa a ajiye musu kujera. Har zuwa lokacin ba bidiyo, ba talabijin ɗin da za a haɗa, ba komai sai bakin Yaya.

Ranar Talata na raka shi tsallaken titi wurin Kawu mai rediyo, wani dattijo da shagonsa ke cike da gawarwakin talabijin har rufi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo wani bidiyo, ya hure masa ƙura.

"Yana aiki," ya ce, "amma tsoho ne irina, ba ya son a yi masa gaggawa. Kaset ɗin nan kuma ku kawo mini in goge su a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu."

Yaya ya yi dariya. "Mako biyu? Haba Kawu, ai duniya ta wuce nan. Fumfuna danshi ne, maganin danshi rana. Ko ɗan firamare ya san wannan."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ɗana."

"Shi ya sa ni babba na nema."

"To ga wayoyi uku, ja da fara da rawaya. Ita rawayar..."

"Na sani, na sani." Ya rungumi bidiyon ya fita.

Kawu ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ce ƙanwar?"

"Ni ce."

"Sannu da haƙuri."

Laraba da tsakar rana Yaya ya jera kaset goma a kan rufin motarsa, ya tsaya gefe da hannu a ƙugu yana bayyana wa masu wucewa yadda zafi ke kashe fumfuna. Bai gama bayani ba matarsa ta leƙo ta tagar hawa na biyu.

"Baban yara, gas ya ƙare, tukunya tana kan wuta!"

Ya ɗauki tukunyar gas ya jefa a but ɗin mota, ya shiga mota ya ba ta wuta. Kaset suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kwas, kwas, kwas. Ɗaya ya fashe a kan kwalta, bakin zarensa ya maƙale a ƙarfen ɗora kaya, ya dinga warwarewa yana bin motar kamar jela. Tela ya fito a guje yana ɗaga hannu yana ihu. Yaya ya hango shi ta madubi, ya ɗauka gaisuwa ce, ya fito da hannu ya ɗaga masa, har da danna hon.

Da ya dawo ya tarar da tela zaune a kan matattakala, ya naɗe zaren a hannu tun daga yatsu har gwiwar hannu.

"Ga yarintarmu," in ji tela. "Na auna, yadi tamanin. In ɗinka maka riga, ko labule kake so?"

Guda huɗu ne suka tsira a kan rufin, su ma sun lanƙwashe kamar farantin roba a bakin murhu. Na ɗauki ɗaya na karanta rubutun. Shirin malamar nan ce mai koya mana ƙirga da waƙa, wadda na taɓa cewa in na girma ita zan zama. Na ji hawaye ya taho mini.

"Gwaji ne," Yaya ya ce. "Dama marasa muhimmanci na zaɓa."

"A wurin wa?"

Ya tattara ya hau sama.

Alhamis ya tashi haɗa bidiyon da sabon talabijin ɗin falonsa, irin fale-falen nan na bango. Ya duba baya, ya duba gefe, babu ramin ja, babu na fara, babu na rawaya. Wani da ya ga haka tsallake titi zai yi ya tambaya. Yaya kuwa almakashi ya ɗauko. Ya yanke kawunan wayoyin, ya fere su da haƙori, ya kwance bayan talabijin, ya ce ai wuta duk wuta ce, hanya kawai take nema.

Ina kicin tare da matarsa muka ji "fau!" Fanka ta tsaya. Firji ya yi shiru. Daga ƙasa aka fara salati.

Mai aski ne ya fara hawowa, bayansa wani bawan Allah ɗaure da zanen aski a wuya, rabin kansa ƙwal, rabi daji.

"Minti-Biyu, kai ne?"

"Ni kuma? Daga kamfanin wuta ne. Kwanan nan wutarsu ba ta da tsari."

Tela ya leƙo ta bayan mai askin. "Kamfanin wuta ne ya biyo ka har falo ya ƙone maka gira?"

Yaya ya shafa goshi. Girar hagu babu ita.

"Ni hoton katin aiki zan je ɗauka ƙarfe uku," in ji mai rabin kai. "A haka zan je?"

"Ka juya musu gefe ɗaya," in ji Yaya. "Ai ba duka kan suke ɗauka ba."

Sai da aka shiga tsakani. Matarsa kuwa ta tsaya tana kallon hayaƙin da ke fita siriri daga bayan talabijin. Can ta ce, "Baban yara, wannan ma gwaji ne?"

"Dama ya fara nuna alamar gajiya."

"Watansa biyar."

Allah ya taimaka bidiyon bai ƙone ba. Ni na mayar da guntayen wayoyin wurin Kawu mai rediyo. Ya juya su a tafin hannu, ya ɗauko wasu ya ba ni, ya ce a nemo tsohon talabijin mai ƙaton baya, shi ne abokin tafiyar bidiyon. Ya kuma ce, "Asabar ɗin zan zo. Ba don kallo ba."

Akwai irin wannan talabijin a ɗakin ajiyar Inna, wanda muka yi yarinta da shi. Juma'a da safe mutum uku suka ce za su taya Yaya saukar da shi. Ya ce sam, abu ne na dabara ba na ƙarfi ba. Ya rungume shi a ciki, ya fara sauka da baya. A hawa na biyu ɓeran da ya yi shekaru yana haya a cikin akwatin ya gane ana tashin su, ya fito ta baya, ya shige wuyan rigar Yaya. Abin da ya biyo baya ban san sunansa ba, rawa ce ko kokawa. Ƙarshe dai Yaya ya zauna, ya sulale matakala bakwai a kan mazaunansa, ya tsaya a kwana da talabijin a kan ciki, ƙafafu a sama.

"Ku ɗaga mini!"

"Kada kowa ya taɓa," in ji tela. "Wannan shirin ya fi na gobe. A ƙaro murya."

Talabijin ɗin ko ƙwarzane bai yi ba. Kayan da, in ji Inna, ba sa jin wahala. Ba ta tambayi lafiyar Yaya ba sai da ta gama shafa gilashin da gefen mayafi.

Asabar ta zo. Tun ƙarfe ɗaya gareji ya cika. Mutanen da rabona da su tun muna makaranta, yanzu ga furfura, ga tumbi, ga 'ya'ya a gefe suna latsa waya. Hasken rana ya hana a ga gilashin, Yaya ya sa aka rufe ƙofa aka toshe tagogi da barguna. Soket ɗaya ne a garejin, don haka aka cire fanka. Kafin minti goma kowa ya jiƙe sharkaf. Shi kuma ya fito cikin kwat da nektai, da gira ɗaya, ya tsaya a gaba.

"'Yan'uwa, abin da za ku gani yau ba a banza ya samu ba. An yi bincike, an yi gwaje-gwaje..."

"Mun ga gwaje-gwajen," in ji mai aski. "A kunna!"

Ya ce zai fara da wani kaset ɗin don ɗumama wuri. Ya tura shi. Murya ta fito, hoto babu. Ya daki talabijin ta dama. Hoto ya fito, amma yana ta tsalle kamar an ɗora shi a kan jaki. Ya daki hagu. Komai ya koma kore. Yana ɗaga hannu zai kai na uku, Kawu mai rediyo, wanda ya zauna a kujerar gaba, ya miƙa kan sandarsa ya danna wani ɗan maɓalli a gaban bidiyon. Daidai lokacin dukan Yaya ya sauka. Hoto ya tsaya cak, tas da shi.

Yaya ya juyo yana karkaɗe hannu. "Kun gani? Ba dukan ba ne, sanin wurin da za a daka."

Kawu ya janye sandarsa a hankali.

Sai ga kiɗan buɗe tasha. Wallahi ban san na haddace shi ba sai da na ji bakina na bi. Na duba, gareji gaba ɗaya yana rerawa, har da tafi a inda muke tafawa da. Mai aski ya rufe ido yana kaɗa kai. Wata da muka yi aji ɗaya da ita ta damƙe hannuna. Da akuya ta leƙo daga bayan bishiyar kwali, aka kwashe da shewa kamar an ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.

'Yar Yaya ta ɗago kai daga waya. "Baba, wannan fa safa ce. Ga hannun mutum nan ana gani."

Mutum ashirin suka ce mata ta yi shiru.

Da wannan ya ƙare, Inna ta buɗe jaka ta fito da kaset ɗin leda. Yaya ya miƙa hannu biyu. Ta zagaye shi ta ba Kawu mai rediyo. Kawu ya ɗaga murfin ya duba zaren, ya ce ledar ta yi aikinta, ya tura shi a hankali.

Garejin ya yi tsit. Ga akuya ta hau wani tudu, tana haki, jar wasiƙar a baki. Sau biyu ta tsaya ta shinshina ta, sau biyu ta girgiza kai. Ta isa wani ɗan gida mai shuɗiyar ƙofa. Ta ƙwanƙwasa da ƙaho. Tela ya miƙe tsaye bai sani ba. Ƙofar ta fara buɗewa.

Shhhhhh.

Hoto ya watse. Da ya dawo, ba tudu, ba akuya. Tsohon falonmu ne, da labulen nan mai furanni. Wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ja da baya daga gaban kyamara, sanye da kwat ɗin Baba da ta kai masa gwiwa, da tabarau ɗin Baba a kan hanci, da safa a hannun dama.

"Masu kallo, barkanku," in ji yaron. "Na fara kallon shirin akuya, na ga ba su iya ba. Ni zan nuna musu yadda ake yi."

Daƙiƙa ɗaya ba wanda ya motsa. Sai tela ya nuna gilashin, ya nuna Yaya, ya sake nuna gilashin, bakinsa a buɗe, magana ta ƙi fita.

"An samu 'yar tangarɗa," in ji Yaya, ya nufi bidiyon. Tela ya cafke bayan kwat ɗinsa, mai aski ya riƙe hannu.

"Zauna, darakta. Mu ga aikinka."

Yayana yana da wata baiwa, duk abin da bai yi masa daɗi ba yakan manta shi tas. Na dubi fuskarsa na gane sai yanzu abin ke dawo masa. Washegarin gasar ya riga kowa dawowa daga makaranta, ya saci kallon farkon shirin, ya zare kaset ɗin daga bidiyo, ya zura shi a ƙatuwar kyamarar Baba, ya danna.

A gilashi yaron ya hau kan teburin falo don safar ta yi hawan tudu. Ya yi mata kukan akuya. Ƙafar teburin ta karye, ya tafi da labule da sandar labule da tulun furen Inna. Gareji ya kece da dariya, har da masu buga kujera.

"Tuluna!" in ji Inna. "Aka ce mini kyanwa ce!"

Sai ƙofar falon ta buɗe a cikin hoton, wani mutum ya shigo da singileti da tawul a kafaɗa.

Dariyar ta ɗauke kamar an zare waya. Baba ne. Duk hotunan bidiyon gidanmu shi ke riƙe kyamara, don haka ba mu da ko ɗaya da yake ciki. Shekara goma sha ɗaya rabon da mu ga tafiyarsa, da yadda yake ɗan karkata kai in zai yi magana. Inna ta ɗora hannu a baki.

Ya dubi labule, ya dubi tebur, ya dubi kyamara. "Kai, wane kaset ka sa a ciki?"

Yaron ya nuna bidiyo da safa. Baba ya rufe ido. Yaron ya ɓarke da kuka, yana cewa yaran bene za su kashe shi, ba wanda zai ƙara wasa da shi. Baba ya tsuguna, ya cire masa tabarau ɗin, ya share masa fuska da tawul.

"Ya isa. Zan ce musu ni na danna ba daidai ba. Tsoho in ya yi kuskure kwana uku ake fushi da shi, yaro kuwa har ya girma ana tuna masa. Amma ka yi mini alkawari. Abin da ba ka iya ba, ka tambaya. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba. Na yi alkawari."

Sai muryar tela ta fito a hankali, kamar mai tambayar hanya.

"To, Minti-Biyu, yaushe za a fara cikawa?"

Wurin ya sake fashewa, wasu na dariya suna share ido. Yaya ya fizge, kunya ta rufe shi, ya finciki wayar wuta daga soket, ya zura yatsu a bakin bidiyon ya jawo kaset ɗin da ƙarfi. Muka ji "ƙirrr". Kaset ya fito rabi, zaren ya cukurkuɗe a ciki kamar hanji.

"Babba!"

Ban taɓa jin Inna ta kira shi da irin wannan murya ba. Ta miƙe tsaye, jakarta ta faɗi. Kowa ya gane abin da ke maƙale a cikin injin nan.

Yaya ya zura hannu a aljihun kwat ya zaro sukundireba. Ya durƙusa, ya kai bakinta kan murfin. "Ku ba ni minti..." Ya dubi zaren, ya dubi Inna. Ya daɗe a haka. Sai ya juya kan sukundirebar, ya miƙa wa Kawu mai rediyo.

"Kawu, ban iya ba. Don Allah."

"Jama'a, yau nawa ga wata?" in ji tela. "A rubuta a bango."

Aka yaye barguna, iska ta shigo, aka mayar da fanka. Kawu ya ɗora bidiyon a cinya, ya kwance murfin, ya dinga zaro zaren da bakin biro, kaɗan-kaɗan, kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Yaya na tsugune a gefensa riƙe da tocila, in an ce haska nan ya haska, in an ce matsa ya matsa. Sau ɗaya ya buɗe baki zai ba da shawara, matarsa ta yi gyaran murya, ya rufe. Kusan awa guda aka yi. Kawu ya yanke wurin da ya taune, bai kai tsawon hannu ba, ya haɗa da salatif, ya naɗe.

"Me aka rasa?" Inna ta tambaya.

"Faɗuwar teburin ce kawai, Hajiya."

"Kash," in ji mai aski. "Wurin da ya fi daɗi."

Sau uku aka maimaita shigowar Baba. A na ukun Inna ta matsa da kujerarta har gwiwarta na taɓa tebur.

Ana shirin tashi tela ya yi tsaki. "Duk wannan zufa, har yanzu ba mu san mai jar wasiƙar nan ba."

Ni kuma wani abu ya faɗo mini. "Inna, ke ranar da aka nuna shirin, ina kike?"

"Ina falo ina guga."

"Kin gani ke nan?"

"A gabana aka yi."

Waɗanda suka kai ƙofa suka dawo. Mai aski ya ajiye kujerar da ya ɗauka.

"Shekara talatin, Inna!" in ji Yaya. "Ba ki taɓa faɗa mana ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ku in kun shigo gida, 'Inna yunwa' kawai kuka sani."

"To don Allah, Inna," in ji tela, har da durƙusawa, "wa ya buɗe ƙofar?"

Ta ɗaga kai tana tunani, mu kuma mun zuba mata ido kamar ƙarfe huɗu ta kusa.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Ana ƙwanƙwasa ƙofar na juya in ce ubansu ya miƙo mini ruwan yayyafi, sai na gan shi. Ƙaton mutum da gashin baki, ya cusa fuska a tawul yana sheshsheƙa a kan safa. Na shagala da kallonsa har na ƙona masa wandon zuwa aiki."

Ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta karɓi kaset ɗin daga hannun Kawu, ta mayar da shi cikin leda.

"Da abokan aikinsa suka ga tabon dutsen guga a bayansa, cewa ya yi shi ya yi gugar da kansa."